Wa Ke da Ikon Cewa Yau Babu Fito?

Daga gadar Tuga da ke ƙasar Bagudo har zuwa madatsar Kainji, babu inda mota za ta taka gada ta haye kogin Kwara. Mutumin Yelwa, ko na Shanga, ko na nan Wara hedikwatar Ngaski, in buƙata ta kama shi a ƙetaren yamma, wajen Rofiya ko Agwara ko Shagunu, hanyarsa biyu ce: ko ya shiga jirgi, ko ya yi zagayen da zai cinye masa yini da kuɗin mota. Shi ya sa jirgin fito ya zame mana gada. A cikinsa ake kai amarya gidan miji, a cikinsa buhunan gero da shinkafa da albasa suke zuwa kasuwa, a cikinsa ake kwantar da mai naƙuda a nufi asibiti da ita. Kuma wannan gada tamu iska ce ke buɗe ta, ita ce ke rufe ta.

Wanda bai taɓa zama a bakin ruwan Wara ranar iska ba, ba zai gane irin cinkoson da take haddasawa ba. Jirage sun jeru an ɗaure su da igiya biyu-biyu, suna gwara kai da juna. Babura an jingine su a ƙarƙashin itace, tumaki a ɗaure suna kuka, an lulluɓe buhunan hatsi da leda an danne da duwatsu. Mai kifi tana duban kwandonta tana lissafin awa nawa ya rage kafin ya fara wari. Masu shayi da masu ƙosai ne kaɗai ke ciniki. Kowa idonsa na kan ruwa, kuma a cikin taron nan ba za ka rasa mutum biyu ko uku da ke zagayawa wurin matuƙa suna raɗa musu cewa za su ƙara kuɗi ba. Tarihin da nake so in bayar na wannan zaman jiran ne, da na mutumin da a dā yake da bakin da zai ce kowa ya zauna, kowa kuma ya zauna.

Fito a wannan yanki ya girmi sarautu da yawa. Tun kafin jihadi fataken Kano da Katsina suke bin hanyar Gwanja, suna ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, su komo da goro. Ko ta ina madugu ya bi da ayarinsa, dole ya ci karo da Kwara, kuma ƙasar Yawuri na cikin manyan wuraren da ake hayewa kafin a faɗa Bargu, a wuce Nikki, a miƙe har Salaga. Ayari mai ɗaruruwan jakuna ba ya hayewa a wuni ɗaya. Sai an yi zango a bakin ruwa, an kai gaisuwa fada, an daidaita kuɗin fito, sannan masu jirage su shiga kai-da-kawo da kaya da dabbobi. Gungawa, mazauna tsibiran kogin, su ne ke riƙe da wannan aiki tare da Lopawa da Shangawa, daga baya Sarkawa masunta suka ƙaru a kansu. Arzikin Birnin Yawuri, wanda ganuwarsa take cikin ƙaramar hukumarmu ta Ngaski har yau, wani kaso nasa daga wannan mashigi ya fito.

Abin lura shi ne, jirgi a wancan zamani ba abin da kowa zai tura ruwa yadda ya ga dama ba ne. Yana ƙarƙashin sarauta. Turawan farko da suka biyo ta nan sun ɗanɗana haka. Mungo Park ya gangaro da jirginsa daga Sansanding a ƙarshen 1805, ya sauke ɗan jagoransa Amadi Fatuma a ƙasar Yawuri, ya ci gaba ba tare da wanda ya san ruwan ba, ya kuwa halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. Richard Lander da ƙanensa John sun zo a 1830, suka hauro daga Busa zuwa Yawuri neman takardun Park, suka yi makonni a wurin sarki. Da suka so gangarawa teku kuma, sai da suka sha jira mai tsawo tsakanin Busa da Wawa kafin sarakuna su yarda su ba su jirgi. Su sun ɗauke shi wahala da jan rai. Ni kuwa abin da na karanto a ciki shi ne, ruwa yana da masu shi, kuma ba a shiga sai da izninsu. Ko a lokacin da yaƙe-yaƙen Umaru Nagwamatse na Kontagora suka hana tudu zaman lafiya, tsibiri ne ya ɓoye sarautar Yawuri, har Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da gidan sarauta Yelwa a 1888.

Kakana na wajen uwa mai fito ne, a gungu aka haife shi, ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a tsohon kogin kafin tafki ya zo. Yakan ce a wancan ruwan dutse suke tsoro, da dorina, da wuraren da ruwa ke murɗawa. Iska tana zuwa, amma ba ta cika kashe mutane ba, domin kogin a rarrabe yake, tsibirai sun yayyanka shi rassa-rassa. In hadari ya taso kana tsakiya, kafin ya iso ka cusa hancin jirgi cikin ciyawar burgu a gefen wani gungu, ka kama reshe, ka jira ya wuce. Duk da haka ba su yi wasa da ita ba. Daga lokacin da shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari, sun san watannin lura sun kama. Alamun da ya koya mini ina riƙe da su: zafi ya yi nauyi, iska ta ɗauke ɗif har ganye ba ya motsi, gabas ta yi baƙi amma gindin hadarin ya yi ja saboda ƙurar da yake korowa. Sai wani ɗan sanyi ya bugi fuskarka. Ya ce in ka ji sanyin nan kana kan ruwa, to ka riga ka makara da shawara, abin da ya rage addu'a ce da ƙarfin dantse.

Na ga yadda yake yi da idona lokacin da ya tsufa, yana zaune kan turmin da aka kife a bakin ruwa, 'ya'yansa ke tuƙi. Wani ɗan kasuwa mai buhunan barkono ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, ka dubi Allah ka ce yaran nan su haye da ni, kasuwa za ta watse." Tsohon bai ko dube shi ba, idonsa na gabas. Ya ce, "Alhaji, kasuwa tana dawowa wani mako. Sauke kayanka, ka kwana a zaurena." Alhajin ya juya wurin wani mai jirgin, shi ma ya girgiza kai ya ce, "Ai Baba ya yi magana." Ƙarfin tsarin ke nan. Magana ɗaya ta rufe tashar gaba ɗaya, kuma wanda ya karya ta, Sarkin Ruwa zai ji, dagaci zai ji, ba kuma zai sake samun wanda zai taya shi jan jirgi tudu ba.

Zuwan Turawan mulki ya kawar da ayarin goro daga hanyarmu. Layin dogo ya isa Kano, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau jirgin ƙasa. A Jebba ma da farko fito ake yi wa taragun jirgin ƙasa da kansu, har aka buɗe gada a 1916. Gadar ta tafi can, mu aka bar mu da kwale-kwale, kuma shekaru hamsin da suka biyo baya fitonmu ya zama na cikin gida: albasar Gungawa, kifi busasshe, gishiri, 'yan biki.

Sai madatsa. An fara aikinta a 1964 zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka toshe ruwa a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Cikin 'yan watanni ruwa ya hau ya shanye tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Park, ya rufe mafi yawan tsibirin Hoge, wanda shi ne babban gungun yankin, ya bi gonakin albasa da makabartu da kukokin gari. Mutane kusan 44,000 aka tayar aka zuba a sababbin garuruwa, cikin gidajen bulo masu lanƙwasasshen rufi. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan gidajen nan da kan diyya da kan kifi, har aka kafa cibiyar bincike a Sabuwar Busa saboda tafkin. Abin da ban ga an ba shi haƙƙinsa ba shi ne yadda tafkin ya sauya iska, ko in ce yadda ya ba ta fili.

Tafkin Kainji ya kai kilomita 130 da 'yan kai a tsawo, kuma kashi uku ne. Daga Yelwa ya gangaro a tsuke kamar kogi, can kusa da madatsa ya sake tsukewa ya yi zurfi, amma a tsakiya ya buɗe ya yi faɗin da ya haura kilomita 20. A bakin wannan buɗaɗɗen wuri Wara take zaune, ta gefen gabas. Ka zuba ruwa a faranti ka hura shi, ka ga yadda yake taruwa ya bugi ɗaya gefen. Haka iska ke yi da tafki: gwargwadon nisan da ta yi tana gudu a kan ruwa babu abin da ya tare ta, gwargwadon girman igiyar da za ta tayar. A tsohon kogi ba ta samun wannan nisa, tsibiri ko gaɓa ko kurmi zai karya ta. Yanzu kuwa tana da filin kilomitoci. Wani abin kuma, saman tsohon Hoge ruwan ba shi da zurfi sosai, don haka igiyar da ke tashi a nan gajeruwa ce mai tsini, tana zuwa bi-da-bi, ba ta ba jirgi damar ɗagowa daga ta farko kafin ta biyu ta zubo masa a ciki.

Akwai kuma wata yaudara da mu mutanen gefen gabas ya kamata mu riƙa faɗa wa 'ya'yanmu. Guguwar farkon damina da ta ƙarshenta daga gabas take tasowa, wato daga bayanmu, ta tudu. Saboda haka a daidai lokacin da take ƙarfi, ruwan da ke gaban tashar Wara yana iya zama lumui, gaɓa ta kare shi. Fasinja ya duba ya ce ai ruwa lafiya lau. Sai jirgi ya yi nisa, ya fita daga inuwar gaɓa, sannan igiya ta fara girma a bayansa, kuma juyowa a wannan hali ya fi ci gaba haɗari, domin a juyin ne jirgi ke ba igiya haƙarƙarinsa. Wanda ya taso daga yamma zai dawo gida kuwa, gaba da gaba zai yi da ita. Da damina ta zauna, iskar kudu maso yamma ce ke turo ruwa gefenmu, ta yini tana dukan jirage a tasha. Da hunturu kuma ga iskar arewa maso gabas, ga hazo, ka yi tafiyar rabin awa ba ka ganin gaba ba ka ganin baya. Kowane lokaci na shekara da irin nasa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da kakanninmu suka gaji saninsa a wannan siffa. Tsofaffin da suka san kowane dutse da sunansa sun wayi gari a 1969 suna koyon ruwa daga farko.

Ga kuma kututture. Ba a sare dukan dajin da ruwa ya rufe ba, kuma itace mai tauri in yana cikin ruwa yakan yi shekaru aru-aru bai ruɓe ba. Tafkin yana cika da farin ruwan daminarmu, baƙin ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da sanyi ya riƙe shi, daga nan ya shiga ja da baya, har ya sauka da kusan mita 10 kafin wata damina ta sake cika shi. Wato a watannin Afrilu da Mayu da Yuni, lokacin da guguwa ta fi yawa, a lokacin ne kawunan kututture suke matsowa kusa da fuskar ruwa. Ranar da ruwa ke kwance matuƙi yana hango ɗan murɗin da ke nuna su, ya kauce. Ranar iska babu abin da zai gani, kuma igiya ce ke ɗaga jirgin ta dasa shi a kai.

Ana cikin wannan koyo sai inji ya shigo. Ba na cikin masu zagin inji. Ya ceci mata masu haihuwa da ba su da iyaka, ya mai da tafiyar yini ta koma ta awa biyu. Amma ya zo da abubuwa biyu. Jirage sun ƙara girma, aka koma haɗa su da katako da ƙusa maimakon fafe gungumen maɗaci guda, har ana samun wanda zai ɗauki mutum ɗari da babura da buhuna. Sannan sana'ar ta fita daga hannun gidajen da suka gaje ta. Mai kuɗi a Yelwa ko Kontagora zai sayi jirgi da Yamaha, ya ɗauki saurayi ya ba shi, ya yanka masa abin da zai kawo kullum, ko an yi iska ko ba a yi ba. Yaron nan ba mugu ba ne. In ya ce zai jira, na kusa da shi zai kwashe fasinjojin, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma da yamma mai jirgi zai tambaye shi kuɗi. Sarakunan Ruwa suna nan, ana girmama su, su ake kira a nemo gawa, su ke gaba ranar bikin Rigata a Yawuri. Amma tashoshi sun yawaita, kowace tunga tana da nata, kuma maganar dattijo ɗaya ba ta ƙara rufe ruwa kamar dā.

Sakamakon muna binne shi. A watan Satumba na 2013 jirgi ya kife kusa da Malale a ƙasar Bargu, mutane fiye da 40 suka rasu. Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja ya tarwatse a ruwan Wara ɗauke da mutane fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kwanaki aka yi masunta suna tsamo gawawwaki, mata da yara da yawa, ana jera su a bakin ruwa ana sallata. A Oktoban 2023 wani ya nutse da 'yan kasuwar da suka taso daga ƙasar Agwara za su Yawuri. Gaskiya ce a faɗa, a hatsarin Wara hukumomi lodi fiye da kima da tsufan jirgi suka ɗora wa laifi. Sai dai duk mai tuƙi ya san waɗannan abubuwa ba sa rabuwa. Jirgin da aka loda har bakinsa ya rage taki ɗaya daga ruwa zai iya hayewa sau ɗari a ranar da babu iska, shi ya sa ake ci gaba da yi. Igiya ɗaya yake jira. Kuma tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyin tudu, har suka kwashi ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, mutane da yawa sun ƙara zaɓar ruwa, lodin ya ƙaru.

A ƙasashen da suke da manyan gadoji ma iska tana tsai da tafiya, kuma su ma da gawa suka koya. A Disambar 1879 guguwa ta karya gadar kogin Tay a Sikotilan jirgin ƙasa na kai, babu wanda ya tsira. Yau gadar Severn da ta haɗa Ingila da Wales, wadda aka buɗe a 1966, tana da na'urar auna iska. In ƙarfinta ya kai wani mizani da aka rubuta, sai a rufe gadar, motoci su yi layi ko su zagaya, direbobi su yi ta ƙorafi. Da suka gina ta biyu a 1996 sai suka sa mata shingen tare iska. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne, babu direban da ake bari ya yanke wa kansa hukunci, kuma babu wanda zai ci riba don ya fi saura ganganci, tunda an rufe wa kowa. Wannan shi ne ainihin abin da kakana yake yi daga kan turminsa, ba tare da na'ura ba.

Bayan 2021 an yi motsi, ba zan musa ba. Hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun lantarki ta raba rigunan ruwa, ta kuma sa an sare kututture a wasu hanyoyin jirage. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda aka kafa a 1997 take da hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta wajabta sa riga, ta zuba jami'ai a wasu tashoshi. Duk suna da amfani. Amma rigar ruwa tana aiki ne bayan jirgi ya kife, kuma guguwar bazara ba ta jiran dare, da la'asar ta fi tasowa, daidai lokacin da kasuwa ta watse kowa ke hanzarin komawa gida da kayansa. Abin da har yanzu babu shi ne mutum guda a kowace tasha wanda doka da masarauta suka tsaya a bayansa, in ya ɗaga jan ƙyalle babu injin da zai tashi. Ba sai an ɗauko shi daga Lakwaja ba. Sarkin Ruwa da dattawan matuƙa suna nan, sun kwashe shekara hamsin suna karatun wannan tafki, yanzu sun san shi kamar yadda iyayensu suka san kogi. A haɗa musu da hasashen yanayi na hukumar NiMet ta waya, a ba su alawus don kada su dogara da kuɗin lodi, a kuma rubuta cewa ranar da aka rufe ruwa mai jirgi ba shi da ikon tambayar yaronsa kuɗin yini. A gina rumfa mai ƙofa inda ɗan kasuwa zai ajiye buhunansa ya kwana hankali kwance, domin rabin masu matsa wa matuƙi tsoron ɓarawo da ruwan sama ne ke tura su.

Ana ta kiran a gina gada tsakanin Zamare da Rofiya, inda kogin ya tsuke, kuma ina cikin masu roƙon Allah Ya nuna mana ita. Za ta sauƙaƙa wa Yawuri da Agwara, za ta ɗauke manyan kaya daga kan katako. Sai dai tana can arewa da mu. Mai tallar kifi daga Libata, da manomin da gonarsa ke Hoge in ruwa ya janye, da 'yan bikin da za su Shagunu daga Wara, babu wanda zai hau mota ya zagaya ta Zamare alhali ga ƙetaren yana hangowa. Faɗin tsakiyar tafki ya fi ƙarfin gada, don haka waɗannan mutane jirgi za su ci gaba da shiga, kuma su ne suka fi kowa buƙatar wanda zai tsaya a tasha ya ce musu yau babu fito.